Kifin teku a ƙasar da ba ta da teku

A wannan mako filin namu zai ɗan kauce daga zancen farashin hatsi da na albashi, saboda wata wasiƙa da ta zo mana daga Mayahi. Wani ma'aikacin gwamnati ne ya rubuto, ya ce ƙanensa da ke zaune a Kwatano ya aiko masa da akwatin gilashi mai cin lita 60, irin wanda Turawa ke kira akwariyom, wanda ake zuba ruwa a sa kifi domin kallo. Yaransa sun ga kifayen teku masu launi a talabijin, sun tasa shi gaba. Tambayarsa ita ce: wane kifin teku ne ya dace da ƙaramin akwati irin wannan, kuma me zai tanada kafin ya sa a sayo masa?

Da farko na yi niyyar ajiye wasiƙar gefe, don na ga kamar zancen masu ƙoshi ne. Abin da ya hana ni shi ne abin da na gani da idona bara a Tasawa, a gidan wani Alhaji ɗan kasuwa, abokin mahaifina. Alhaji ya je Dubai sarin kaya, aka kai shi babban kantin nan na Dubai Mall, inda tun shekarar 2008 aka gina wani akwatin kifi mai cin lita miliyan 10. Ya tsaya gabansa har la'asar ta kusa wuce shi. Da ya dawo ta Kano sai ya sayi akwati mai lita 100 da kifaye bakwai cikin leda, ya iso gida da dare, ya sa yara suka cika akwatin da ruwan ƴan ga-ruwa, aka daka kantun gishirin Bilma aka zuba, aka juye kifayen. Kafin sallar azahar ta washegari babu ko ɗaya mai motsi. Da na je gaishe shi ya ce mini: "Ɗana, kai da ka yi lakol, gaya mini. An ce kifin ruwan gishiri ne, na ba su gishiri, gishirin ma na ƙwarai. Mene ne laifina?" Na ce: "Baba Alhaji, ranka ya daɗe, laifin na wanda ya karɓi kuɗinka ne bai yi maka bayani ba." Kuɗin da ya faɗa mini ya kashe ba zan rubuta su a nan ba, amma sun isa sayen tunkiya biyu da ƴaƴansu.

To, bari mu yi bayanin da mai kantin bai yi ba.

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. A Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke gani a Jidda, abin yakan kai giram 40. Kusan kashi 85 cikin 100 na wannan gishiri irin na miya ne. Sauran kuwa ma'adinai ne dabam-dabam, su magneziyom, kalsiyom da potasiyom, kowane da gwargwadonsa, kuma jikin kifin teku a kan wannan gwargwado aka gina shi. Kifin tabki ba ya shan ruwa, domin ruwa da kansa yake ratsa jikinsa, aikinsa kullum fitar da shi ne. Kifin teku kuwa gishirin da ke kewaye da shi yana tsotse masa ruwan jiki, saboda haka dole ya yi ta sha, yana fitar da gishirin da ya yi yawa ta jajayen gaɓoɓin numfashi da ke ƙarƙashin kumatunsa. Idan gwargwadon ya kauce, ko ya canza farat ɗaya, wannan aiki ya rikice. Kantu da beza da gishirin leda na kanti duk ba su biyan bukata, balle kanwa. Akwai gishiri na musamman da masana'antu ke haɗawa domin wannan aiki, ana sayar da shi cikin bokiti ko buhu, kuma daga waje yake zuwa. Akwati mai lita 100, wato bido huɗu masu lita 25, yana cin kilo uku da rabi a zubin farko. Bayan haka kowane mako ɗaya ko biyu ana kwashe kashi ɗaya cikin goma na ruwan a zuba sabon haɗi. Ke nan wanda ya shiga wannan harka ya ɗaura wa kansa odar gishiri daga Kano ko Yamai muddin kifinsa na da rai.

Ko da Alhaji ya sami gishirin da ya dace, da wuya kifayen su wuce mako guda, domin akwai abu na biyu. Kifi yana fitar da amoniya a cikin ruwan da yake zaune, kuma amoniya guba ce gare shi. A teku yawan ruwa yana shanye ta. A akwati kuwa sai an sami wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya, sun zauna a jikin duwatsu da matatar ruwa, suna juya amoniyar zuwa nitirit, sannan zuwa nitirat wanda cutarsa ba ta kai ta farko ba. Waɗannan halittu ba su yaɗuwa a kwana ɗaya. Akan bar akwati yana aiki babu kifi mako huɗu zuwa shida, ana saka ɗan abinci kaɗan yana ruɓewa, ana auna ruwan, har amoniya da nitirit su koma sifiri. Sannan a sa kifi ɗaya ko biyu, a jira makonni, a ƙara. Ɗan kasuwa ya san wannan doka a harkarsa: ba a ba sabon yaron kanti makullin sito ranar da ya zo.

Yanzu ga amsar tambayar mutumin Mayahi. Kifin da ya dace da ƙaramin akwati shi ne wanda ko ya girma bai wuce tsawon yatsa ko tafin hannu ba, wanda ba ya yawon nesa a teku, wanda ke cin busasshen abincin gwangwani, kuma wanda aka haifa a gidan kiwo. Na farko a wannan sahu shi ne mai ruwan lemu da farare uku a jiki, wanda Faransawa ke kira poisson-clown, masana kuma Amphiprion ocellaris. Shi yara suka sani da sunan Nemo tun fim ɗin Amurka na 2003, wanda mu ma muka kalla muna ƙanana a gidajen bidiyo. Tsawonsa bai cika wuce santimita 10 ba, a teku ma rayuwarsa duka a gindin wuri ɗaya yake yin ta, kuma tun shekarun 1970 aka iya kiwonsa. In an kula da shi yakan wuce shekara goma. Wani abin mamaki game da shi: dukansu maza ake haihuwarsu, wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi ke juyewa ya zama mace. Saboda haka mai son biyu sai ya sayi ƙanana, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, su za su sasanta kansu. Mai kanti zai ce sai an haɗa da anemon, wata halitta mai kama da fure wadda kifin ke fakewa cikinta. Kada a saya. Kifin yana rayuwa lafiya ba tare da ita ba, ita kuwa tana son haske mai ƙarfi, kuma ranar da ta mutu takan ɓata ruwan gaba ɗaya.

Bayan shi akwai dangin gobi, waɗanda wasunsu ba su kai santimita 5 ba, masu zaman ƙasa ne marasa faɗa. Akwai Gramma loreto na tekun Karibiyan, rabinsa shunayya rabinsa rawaya, mai santimita 8, mai son ɓuya a kogon dutse. Akwai wani fari mai jan wutsiya, Nemateleotris magnifica, kyakkyawa ƙwarai, sai dai yana tsalle, dole a rufe akwatin. Waɗanda ake kira demoiselle suna da arha da juriya, shi ya sa masu kanti ke fara tura wa baƙo su, amma masifaffu ne. In ɗaya ya riga ya kama wuri, duk wanda ya zo bayansa ya shiga uku. A lita 100, kifi uku ko huɗu daga cikin waɗannan sun isa. A lita 60 na mai wasiƙarmu, gobi biyu, ko Nemo ɗaya tak, domin biyu suna bukatar lita 75 zuwa 80 aƙalla.

Waɗanda za a guje wa sun fi yawa, kuma su ne suka fi ɗaukar ido. Shuɗin nan mai rawayar wutsiya da yara ke kira Dori yana kai santimita 30, mai gudu ne, akwatinsa sai mai ɗaruruwan lita. Ana sayar da shi yana ƙarami kamar kwabo, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Wasu daga cikin masu suna papillon naman murjani mai rai kaɗai suke ci, a akwati yunwa ke kashe su abinci na gabansu. Mandarin ma haka, sai ƙananan ƙwari masu rai. Dokin teku tun 2004 yana cikin jerin yarjejeniyar CITES, ba a ƙetare iyaka da shi sai da takarda, kuma ma'aikatan duwan da na gandun daji da ke karanta wannan fili sun san abin da nake nufi. Kifin zaki kuwa, rascasse volante, ƙayoyinsa na da dafi, bai kamata ya shiga gidan da ke da yara ba.

Mai saye ya kuma tambayi asalin kifin. Galibin kifayen nan ba daga tekun Kwatano ko Legas suke fitowa ba, domin gaɓar tamu ba ta da manyan duwatsun murjani. Daga Indunusiya da Filifin ake kawo mafi yawansu, wasu daga Siri Lanka, Kenya da Bahar Maliya. A Indunusiya da Filifin an daɗe ana kama wasu ta hanyar fesa gubar siyanur cikin kogunan murjani: kifin ya suma, a tsince shi, ya farfaɗo, ya yi kyau a kanti, bayan makonni ya mutu a hannun wanda ya saya. Wani ɗan kifi mai zanen baƙi da fari na tsibiran Banggai an kama shi har a 2007 aka sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Wanda aka haifa a gidan kiwo ya fi tsada kaɗan, ya fi kuma juriya. Kowane iri ne dai, a jirgin sama yake zuwa cikin leda mai iskar oksijan da ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu, kuma daga filin jirgin Yamai zuwa Tasawa akwai kusan kilomita 800 na kwalta da rana.

Duk wannan ana iya karanta shi a littattafan Turawa. Abin da littattafan ba su faɗa ba shi ne halin ƙasarmu, domin marubutansu ba su taɓa kwana a Mayahi a watan Afrilu ba.

Kifayen murjani suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 27, dare da rana, rani da damina. In ya wuce 30 ya zauna a can, sun fara galabaita. Mu kuwa a bazara zafin inuwa yana wuce 40, kuma ɗakin kwano ko na siminti yana riƙe zafin har tsakar dare. Ruwa mai ɗumi iskar da yake riƙewa kaɗan ce, ruwan gishiri kuma dama ya gaza na daɗi riƙon iska da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ke nan a lokacin da kifin ya fi bukatar iska, a lokacin ta fi ƙaranci. Da sanyi kuma, cikin Disamba da Janairu, abin ya juye, sai an sa na'urar ɗumama ruwa. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu ko uku, amma tana ƙara ƙafewa, kuma a nan akwai wani tarko: ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Wanda ya ga ruwa ya ragu ya cika da haɗin gishiri, kullum ƙara wa akwatin ɗaci yake yi. Da ruwan daɗi ake cikawa. A iskar hunturu, wadda ke busar da wanki kafin a gama shanya, ƙaramin akwati yana iya canza gwargwadonsa cikin kwana biyu. Shi ya sa ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙo, ko da yake mutane akasin haka suke zato: shayi a ƙaramin kofi ya fi saurin hucewa.

Sai wuta. Famfon da ke juya ruwa da matata ba su tsayawa ko na dare ɗaya. In suka tsaya awoyi kaɗan cikin zafi, iska ta ƙare, bakteriyar matata su fara mutuwa, kifi ya bi su. Wutar jahar Maraɗi galibinta ta layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa take zuwa, kuma ba mu manta ba yadda aka yanke ta daga Najeriya a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ta ba sai a Maris na 2024. Wanda ba shi da farantin hasken rana da batir mai ɗaukar dare, ko gurup da man da zai ci, da na'urar sanyaya ɗaki, ya bar zancen kifin teku. Na faɗi wannan ba da sassauci ba, domin a nan ne kuɗin gaske suke. Farashin kifin shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin.

Ruwan kansa ma abin dubawa ne. Na famfo yana da jabel, wanda ke ƙona gaɓoɓin numfashin kifi. Na rijiya a kwarin Gulbin Kaba wani wurin yana da kanwa, wani wurin takin gona da na dabbobi sun ratsa shi. Na sama da ya bi ta rufin kwano ya ɗauko ƙarfen kwanon. Masu wannan harka suna tace ruwansu da matata ta musamman da ake kira osmoz. Akwai kuma abin da ke cikin ɗakunanmu: maganin sauro na fesawa guba ne mai tsanani ga kifi, ko kaɗan ya sauka a ruwa ya isa. Uwargida ta san ba za ta bar sauro ya cinye yara saboda kifi ba, kuma gaskiyarta. Ga hayaƙin turaren wuta, ga ƙura, ga yaro mai tausayi da zai jefa wa kifi lomar tuwo. Malamai sun karantar da mu labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya tsare rai a gilashi, haƙƙinsa yana wuyansa.

Shawarata ga ma'aikacin Mayahi, in albashi ne kaɗai abin dogaronsa, ita ce ya cika akwatinsa da ruwan daɗi. A nan kuwa muna da abin da ba mu san darajarsa ba. Daga Legas ana fitar da kifayen kogunan Afirka ta Yamma zuwa Turai da Amurka domin ado, kuma a cikinsu akwai waɗanda masuntanmu ke zubarwa a kwando ɗaya da sauran. Ƙurungu, wanda wasu irinsa ke iyo a rigingine, ciki sama, ana sayensa a kantunan Faransa. Talibambam, mai kumbura kamar ƙwallo in an taɓa shi, yana da masoya a can, sai dai yana kai santimita 40 kuma ba ya zama da kowa. Akwai wani ɗan ƙanen karfasa, Hemichromis, wanda ke yin ja wur da ɗige-ɗige masu ƙyalli lokacin aure, har Turawa suka sa masa sunan lu'ulu'u. Biyu sun isa akwatin lita 100, kuma kallon yadda suke gadin ƴaƴansu ya fi fim. Akwai ma wani ɗan mitsitsi mai launi da ke rayuwa a kududdufan damina, ya yi ƙwai a laka ya mutu in ruwa ya ƙafe, ƙwan ya jira ruwan baɗi. Masana sun sa masa suna kiyawensis a 1928, daga kogin Kiyawa na ƙasar Hausa. Mutanen Jamus suna aika wa juna ƙwan irin waɗannan kifaye cikin ambulan, mu kuwa muna taka su da ƙafa a hanyar gona. Kifin rijiya, in ji Hausawa, amma a wannan karo mu ne a rijiyar.

Wanda ke son gani da ido ya je tabkin Madarumfa da sassafe, lokacin da masunta ke fitowa. Tabkin yana cikin jerin wuraren Ramsar tun 2019. Ya tafi da bokiti mai murfi, ya roƙi ƙanana masu rai, ya dawo kafin rana ta ɗaga. Ya guji minjirya saboda wutar jikinta. Tarwaɗa tana da juriya, domin tana shaƙar iskar sama, amma cikin ƴan watanni za ta fi ƙarfin akwatin ta cinye abokan zamanta. Wurinta shi ne bahon siminti a bayan gida, inda mutane da dama a Maraɗi ke kiwonta suna samun na cefane. A lita 60, mafi sauƙi shi ne gupi, ƙananan kifaye masu wutsiya kala-kala da ake samu a Kano da Yamai, suna haihuwa a akwati, suna cin tsutsar sauro. Jan kifin Turawa, poisson rouge, ruwan sanyi yake so, ba na nan ba ne. Dokar mako huɗu zuwa shida tana nan ko a ruwan daɗi, haka ma famfon iska, amma ƙarami mai batir ya isa.

Abu ɗaya nake roƙo: baƙon kifi in an gaji da shi kada a zuba shi a tabki. Kifin zakin da na ambata an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, ana kyautata zaton daga akwatunan gidaje ya fito, yanzu ya cika tekun Karibiyan yana cinye ƴan gida. Hakin nan mai shuɗin fure da ke toshe kogin Kwara a Yamai, jacinthe d'eau, shi ma daga Amurka ta Kudu ya fito, kuma ado ne ya fara raba shi duniya. Tabkunanmu ƙanana ne, masu dogaro da su kuma suna da yawa.

Alhajin Tasawa bai yar da akwatinsa ba. Da rani ya yi, jikokinsa suka haƙo gaiwa a busasshen tabki, tana naɗe cikin kwanson laka kamar yadda mu ma muke haƙo ta muna yara. Aka sa ta a ruwa, bayan ɗan lokaci ta warware. Gaiwa tana da huhu, takan taso ta shaƙi iska ta koma, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta dame ta ba, zafi ma haka. Na gaya masa tana cizo, tana iya kai mita guda, kuma wata rana sai ya gina mata baho. Ya ce in ta kai haka ya san abin da zai yi da ita, Hajiya na da tukunya. A yanzu dai tana nan a ɗakin baƙi, an ɗora wa murfin akwatin dutse don kada ta fita, kuma wani baƙonsa da ya zo daga Yamai ya tambaye shi daga wace ƙasa aka yi odarta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.